Waƙar Dakan Inna Hanatu

Tsafe,
Ranar Asabar.

Zuwa ga Kamilu,

Assalamu alaikum. Sallamar nan haƙƙinka ce ta Musulunci, shi ya sa na yi ta. Bayan ita ba ni da wata gaisuwa gare ka.

Ka gode wa Allah da aka kashe sabis ɗin waya a jihar nan, da muryata za ka ji ba takarda ba. Na ce wa Bashir direba ya danƙa maka wannan hannu da hannu a situdiyon naku na Sabon Gari, don kada ka ce ba ta iso ba.

Tun da aka fara nuna wasan barkwancin nan naku a talabijin, wai Wawa Ya Zaka, na ji waƙar da kake rerawa a farkonsa. Na gane ta, na kuma yi shiru. Na ce ba wanda ya san asalinta sai 'yan gidanmu, bari in haɗiye. Yara suna yin ta a titi, masu shayi sun sa ta a waya, ni ina awon dawata kamar ban ji ba. To ranar Laraba sai ga ka a rediyo ana hira da kai. Mai tambaya ya ce ina ka samo waƙar, kai kuma kana ƙyalƙyala dariya ka ce waƙar dakan Innarku ce, ita take yi duk ranar da yayanka na Tsafe ya zo gida Nahuce. Yayyenka nawa ne a Tsafe, Kamilu? Har da ƙarawa da cewa mai awo ne. Abin da ya rage kawai ka kwatanta musu rumfata.

Washegari ina shiga kasuwa 'yan dako suka ɗauka baki ɗaya:

Wawa yaz zaka, wawa yaz zaka,
Ya ci tsaye, bai zamna ba,
Ku ba shi hura, ku ba shi ruwa,
Ni ban ganai ba, ban san shi ba.

Har da tafi. Ni da furfurata, ni da nake da suruki. Husna ta daina zuwa Islamiyya saboda ɗiyar wawa ake ce mata. Wanda na yi shekaru ina sallah kusa da shi ya tambaye ni, yana danne dariya, wai da gaske a tsaye nake cin tuwo.

Abu biyu nake so. Ka cire waƙar daga wasan. Ka koma rediyon ka ce ƙarya ka yi. Idan ba ka yi ba, ka ɗauka uwa kawai muka haɗa, ita ma ɗin ka fi ni sanin yadda muka haɗa ta.

Wassalam.
Labbo.

*

Sabon Gari, Gusau,
Litinin.

Yaya Labbo,

Wa alaikumus salam, tare da gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni dai na gaishe ka ko ba ka amsa ba. A shafa mini kan Husna.

Wallahi Yaya da na karanta takardarka sai da na sake duba sunan da ke ƙasa. Duk wannan wutar a kan waƙa? Ni fa ban kira sunanka ba. Tambayata aka yi, na faɗi gaskiya, kuma a cikin raha na faɗe ta. In ce ƙarya na yi, alhali ba ƙarya ba ce?

Bari ka ji yadda aka yi, don na ga kamar kana zaton zama na yi na shirya maka tuggu. Masu wasan sun zo wurin Elisha, mai situdiyon da nake aiki, suna neman waƙar buɗe shiri. Labarinsu na wani mutum ne da ba ya zuwa gidan kowa sai an sauke tukunya, ya ci ya gudu kafin a ba shi aiki. An gwada waƙa ta ƙi, an sake ta ƙi. Muna zaune ina buga tebur da hannu, sai waƙar Inna ta faɗo mini a baki. Elisha ya ɗaga kai daga kan fiyano ya ce in maimaita. Ya bi ta da kiɗa mai saukar taɓarya, dum, dum, darakta ya kama ciki yana dariya. Ko sunan wasan a lokacin ba wannan ba ne, daga waƙar suka ciro shi.

Yanzu ka je Kano ka ji, ka je Kaduna ka ji. Mutanen da ke mana dariyar "yaz zaka" da "hura" ga su nan suna karya harshe suna koyon maganar Zamfara saboda waƙar wata tsohuwa ta Nahuce. Ni a ganina abin alfahari ne.

Batun cirewa kuwa, ba a hannuna take ba. Ta zama ta masu shirin, kuma tana cikin wayar kowa. Ko sabis babu, yara a shagon caji suke tura wa juna.

Kuma Yaya, tsakani da Allah, Inna zolayarka take yi. Wace uwa ce ba ta zolayar ɗanta? Kai ne dai tun muna yara komai sai ka ɗauke shi da zafi. Ka zo gida fuska a murtuke, ka ci abinci kamar ana korarka, ka juya. Mu ma fa mun ji haushin wannan, ba mu dai rubuta maka takarda ba. Ka yi dariya tare da 'yan dakon nan sau ɗaya ka gani, da kansu za su gaji.

Na bar ka lafiya.
Ƙanenka,
Kamilu.

*

Tsafe,
Alhamis.

Juwairiyya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yara. Allah ya ƙara tsare mu da abin da ke faruwa a hanyoyin nan.

Saƙonki ya iso ta bakin Bashir, cewa tun da kika ɗauko Inna daga Nahuce zuwa wurinki a Bungudu jikinta bai yi daɗi ba, ƙafafu sun kumbura, kuma ya kamata in zo. Allah ya ba ta lafiya. Ga dawa da gero nan na ba shi ya kawo, da maganin da aka ce yana sauke kumburi. Amma ni ba zan zo ba, kuma gara in gaya miki dalili da kaina kafin ɗan gatan naku na Gusau ya gaya miki a rediyo.

Ke kin tashi a ɗakinta, ni ban tashi ba. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Kawu a Tsafe, aka ce ɗan fari ne, haka ake yi. Ban yi gardama da wannan ba. Ba ta kiran sunana, ba ta kallon idona, in na gaishe ta sai ta amsa wa bango. An ce kunya ce, na yarda. Uwar kowane ɗan fari haka take a ƙasarmu, ba ni kaɗai ba ne.

Amma uwar wa ke jiran ɗanta ya sako ƙafa a zaure sannan ta ɗauki taɓarya ta fara "wawa yaz zaka"? Ina yaro Kawu zai ɗora ni a mota, in yi ta murna a hanya zan ga Innata. Kafin in gama sallama na ji ta ta bayan danga. Ban san shi ba, ban ganai ba. Kin san dalilin da ya sa nake ci a tsaye? Don in fita kafin ta kai baiti na biyu. Shekara arba'in da wani abu ban gaya wa kowa ba, ko matata. Na ce tsakanina da ita ne, Allah ya sani.

Yanzu autanta ya ɗauki zagin ya sa masa fiyano, ya raba wa duniya, ya kuma rubuto mini wai zolaya ce. To na ji. Wanda ake zolaya ya gaji.

Ki karanta mata takardar nan daga farko har ƙarshe, kada ki tsallake komai. Tunda ba ta iya magana da ni, ni ma ga tawa ta hannun wani. Abincinta da maganinta suna wuyana har ranar da ɗayanmu zai bar duniya. Fuskata ce dai ba za ta sake gani ba, kuma ban ga asarar da ta yi ba, tunda dama ba kallonta take yi ba.

Ki gaida mutanen gidan.
Yayanki,
Labbo.

*

Bungudu,
Lahadi.

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, hatsi ya iso, an gode. Iyakar gaisuwar ke nan, don raina a ɓace yake, kuma da kai yake ɓace.

Ka ce in karanta mata, na karanta. Da na san abin da ke ciki da na jefa ta a murhu, amma a gabanta na buɗe, ina karantawa ina jin abin tare da ita. Da na kai wurin da ka ce kana ci a tsaye don ka tsere wa baiti na biyu, sai ta ce in tsaya. Ta ce in sake karanta kalmar. Na ce wawa. Ta ce wane wawa? Na ce haka ya rubuta, haka yake ji tun yana yaro. Yaya, ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi abin da tata ta yi ba. Ta juya ta fuskanci bango, tun ranar kunu kawai ke shiga cikinta, shi ma sai na yi da gaske.

Ta ce in na gaya maka abin da zan gaya maka yanzu ba ta yafe mini ba. Zan ɗauki wannan, ya fi mini sauƙi a kan in zuba ido tana ƙarewa.

Ku maza ba ku taɓa riƙe taɓarya ba, shi ya sa. Waƙar nan ba ta mutum ɗaya ba ce, ta masu daka biyu ce a turmi guda. Ta farko ta sauke taɓarya ta yi tambaya: "Wa?" Ta biyu ta sauke tata ta amsa: "Wa yaz zaka." Wa, yayanmu, kai. Tambaya ce da amsa. Inna ke tambaya don ita ba ta da bakin da za ta ce ɗanta ya zo, sai a amsa mata. Da marigayiya Gwaggo ce ke amsawa, da na isa daka na karɓa. Taɓarya ba ta jiran kowa, wannan na sauka wannan na tashi, kai kana zaure ka ji sun haɗe. Kamilu kuwa da ya yi wayo an riga an yi mini aure, Inna ita kaɗai ke daka, ita ke tambaya ita ke ba kanta amsa.

Sauran kuma ai umarni take ba mu. Ku ba shi hura, ku ba shi ruwa, ya ci tsaye bai zamna ba, wato ku shimfiɗa masa tabarma ku 'yan banza. Ban ganai ba, ban san shi ba, wannan don surukarta da ke zaune a tsakar gida tana kasa kunne ne. Ka san gero nawa muka daka a banza a gidanmu na Nahuce? Ko akwai gari a ƙwarya, in aka ce an hango ka a bakin hanya sai ta zuba sabo a turmi, don ba ta da wata hanyar yin murna a gaban mutane. Ni na sha wahalar zuwanka, hannuna duk kanta.

Za ka ce me ya hana ni magana tun da wasan ya fito. Na ɗauka Kamilu da gangan ya murɗe ta don a yi dariya. Na so in ci masa mutunci, Inna ta ce in ƙyale yaro ya nemi abincinsa. Hirar rediyon ba mu ji ta ba. Kuma ko a mafarki ban zaci kai, babba da kai, haka kake jin ta ba. Ka yi shekara arba'in kana fushi, ba ka taɓa buɗe baki ka tambayi ƙanwarka ba. Girman kai ne, Yaya, ba haƙuri ba.

Na rubuta wa wancan sakaran na Gusau shi ma. Kai kuma ka shigo mota ka zo. Ba roƙonka nake yi ba.

Ƙanwarka,
Juwairiyya.

*

Sabon Gari, Gusau,
Talata.

Yaya Juwairiyya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Ki ce mata autanta na nan tafe da zarar mun gama ɗaukar da muke yi.

Zagin da kika yi mini na karɓa, har da na ƙari. Amma Yaya kin san abin da kika ba ni kuwa? Na karanta takardarki na kira Elisha, muka samo mawaƙiyarmu Patience da wata yarinya da ke mana amshi, na ce ɗaya ta ce "wa", ɗaya ta amsa. Suka yi. Elisha ya cire hannu daga fiyano ya ce a garinsu ma kakarsa ba ta taɓa kiran sunan babansa ba. Waƙar ta fi da kyau nesa ba kusa ba.

Ga shawarata. Masu shirin ba za su canza ta farkon wasan ba, na tambaya, sun ce sunan wasan ma a kanta yake. Amma mai hirar rediyon nan abokina ne. Zan koma in ba da labarin gaskiya: uwa mai kunyar ɗan fari, taɓarya biyu, gero da ake dakawa a banza. In sa sabuwar da muka ɗauka. Wallahi duk wanda ya ji sai ya yi hawaye, 'yan dakon Tsafe da kansu za su je su ba Yaya Labbo haƙuri. Kin ga an wanke shi, an wanke Inna, ni ma na fita. In ma za ta yarda in zo da na'ura in ɗauki muryarku ke da ita, ko baiti ɗaya ne, da abin ya cika.

Ki ba Bashir amsa gobe don in kama mana lokaci a gidan rediyon.

Naki,
Kamilu.

*

Bungudu,
Laraba.

Kamilu,

Sallama. Jikin Inna yana nan yadda yake.

Ashe sunan wasan naku bai faɗi ƙasa ba, akwai mai shi a gidanmu, ba dai wanda ake zato ba ne.

Matar da ta yi shekara arba'in tana ɓoye abu a cikin turmi don kada surukarta ta ji, ita za ka kai rediyo jihar Zamfara duka ta ji? Kana ganin wanke ta za ka yi? Tsirara za ka yi mata. Duk tsohuwar da ta san ta a Nahuce za ta ce ashe Hanatu rawar ɗan fari take yi muna zaune. Kai a Gusau wannan abin hawaye ne mai daɗi, ita a wurinta abin da ba za ta sake ɗaga kai ba ne. Ni da na gaya muku ku biyu kaɗai, ko kallona ba ta yi tun ranar.

Har ka riga ka gaya wa mutanen situdiyo. Bakinka ba ya riƙe ruwa, tun kana yaro haka kake.

Ka saurare ni da kyau. In na ji kalma ɗaya ta wannan magana a rediyo, ko na ji sabuwar waƙar a wayar wani, zan shigo mota in zo Sabon Gari, kuma abin da zan yi maka a gaban Elisha sai an sa shi a wasan naku. Ka goge abin da kuka ɗauka. Na'urarka kuma ta tsaya inda take.

Na san abin da wannan ke nufi. Yaya zai ci gaba da zama wawa a kasuwar Tsafe, ba mai wanke shi. Kai ka jawo, kuma ba ka da maganinsa. Ka zauna da shi.

In za ka zo duba uwarka ka zo hannu biyu ba na'ura, ka zauna, ka yi shiru.

Juwairiyya.

*

Tsafe,
Juma'a.

Juwairiyya,

Assalamu alaikum. Ina fatan an samu sauƙi.

Na karanta takardarki har sau ba adadi. Kin iya tsara magana, tun kina ƙarama ke ce mai raba faɗa a gidan. Taɓarya biyu, tambaya da amsa. Ya yi daɗin ji. Har na kusa yarda.

Sai na tambayi kaina, me ya sa wannan fassara ba ta fito ba sai da na ce ba zan zo ba? Kamilu ya tashi a gindin turmin nan, shi ma wawa ya ji. Duk Zamfara wawa suka ji. Ke kaɗai ce mai kunne? Gwaggo da za ta ba da shaida tana kabari. Ita mai waƙar kuma kin ce ta hana a faɗa, wato ba wanda zan tambaya sai ke. Kina son tsohuwa ta ga 'ya'yanta a haɗe kafin ta tafi, ban ga laifinki ba, ko ni ne zan iya ƙirƙiro abin da ya fi wannan. Amma ni ba yaro ba ne da za a lallashe ni da alewa.

Kin ce girman kai ne ya hana ni tambaya. Yaron da uwarsa ke amsa wa bango gaisuwarsa, wa zai tambaya?

Ga magana ɗaya. In gaskiya ne ba ta taɓa ce mini wawa ba, tana da baki. Ta kira sunana. Ba "wancan" ba, ba "na Tsafe" ba, ba "wanku" ba. Sunan da aka raɗa mini, sau ɗaya, da bakinta. Ranar da ta yi haka zan yarda. Na san ba za ta yi ba, ke ma kin sani, don haka a bar maganar nan haka, kowa ya riƙe abin da ya ji.

Ga man zafi nan na ƙafa, a shafa mata safe da yamma.

Yayanki,
Labbo.

*

Bungudu,
Litinin.

Yaya,

Sallama.

Ban yi niyyar karanta mata ba. Ta ga man zafin da Bashir ya kawo, ta ce me na Tsafe ya ce. Na ce gaisuwa ce. Ta ce in na yi mata ƙarya a kan wannan ma, to in haɗa da wancan rashin yafiyar. Na gaya mata duka, har da cewa ni maƙaryaciya ce a wurinka.

Jiya da hantsi ta ce in yi mata wanka, in ɗauko mata zanenta na zuwa suna. Ta ce in kira matan Nahuce da ke zaune a unguwar nan tun da 'yan bindiga suka taso su, tsofaffin da suka yi zaman aure tare. Na ɗauka wasiyya za ta yi. Ta ce a tare Bashir a tasha kafin ya yi lodi, a shigo da shi har tsakar gida. Na ce Inna, namiji baƙo? Ta ce tunda ba a yarda da ɗiyarta ba, a kawo wanda za a yarda da shi.

Muka zaunar da ita a kan tabarma na tallafe bayanta. Bakinta ya motsa ya fi sau uku ba abin da ya fito. Sannan ta ce:

"Labbo. Labbo ɗana ne, shi na fara haihuwa. Ban taɓa ce mishi wawa ba. Direba, ka ji, ka kai."

Ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Bashir ya durƙusa yana kallon takalminsa kamar shi ya yi laifi. Iya Ige, wadda suka yi amarci shekara guda, ta tashi ta ɗauki sandarta ta fita ba sallama. Kafin la'asar magana ta zaga unguwa, wai ciwo ya taɓa wa Hanatu kai, ta fara sakin baki. Wata har ta zo tana ba ni shawarar malamin da zai yi mata rubutu.

Tun jiya mayafin yana kan fuskarta. Ko ni ba ta yarda in gani ba, ta ƙarƙashinsa nake miƙa mata kunu.

Abin da ta riƙe tun tana yarinya, wanda shi kaɗai ya rage mata bayan gida da gona sun tafi, ka ce ta ajiye, ta ajiye. Ka tambayi Bashir, ga shi nan gabanka. Ka samu abin da kake so, Yaya. Ina fatan ya yi maka daɗi.

Juwairiyya.

*

Tsafe,
Litinin da yamma.

Juwairiyya,

Sallama. Bashir ya faɗa mini tun kafin in buɗe takardar.

Ke wace irin ɗiya ce? Kina zaune, kina riƙe da bayanta, kika bari ta faɗa? A gaban Iya Ige? Ni haushi ne ya sa na rubuta, ke da ke kusa ai sai ki rufe mata baki. Wallahi ban yafe miki wannan ba.

Ki gaya wa matan nan kanta lafiya lau, duk mai shakka ta jira ni. Kamilu kuma kada in same shi a gidan.

Motar farko zan shigo gobe. Kada ta sake faɗa, ko na zo, ko na roƙa. In za ki gaya mata, kada ki ambaci suna. Ki ce dai wani zai zo daga Tsafe.

Yayanki.